Wa Ke Duba Rubutun Marubuci?

Yau shirin namu zai shiga tsakanin marubuci da edita, mutum biyun da ba su cika jituwa ba, kuma ɗaya ba ya wadatuwa sai da ɗaya.

A 1933, Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya zaga garuruwan Arewa yana lallashin malamai su shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai da boko. Da ƙyar ya shawo kan wasu, domin a lokacin malami waƙa yake rubutawa, ta wa'azi ko ta yabon Annabi, ƙirƙirar labari kuwa tatsuniya ce, aikin mata da yara. Daga wannan gasa aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. East bai tsaya ga karɓa da bugawa ba, hannunsa ya shiga rubutun sosai. Ku duba bangon Jiki Magayi, sunaye biyu za ku gani: John Tafida da East ɗin kansa.

Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya ja baya, sai matasan Kano suka ce ba za su jira kowa ba. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya, Ado Ahmad Gidan Dabino ya girgiza kasuwa da In Da So Da Ƙauna, ƙungiyar Raina Kama ta kafu. Marubuci shi ne editan kansa, shi zai kai maɗaba'a, shi zai bi 'yan kasuwa bashi. Wasu masana suka raɗa wa abin suna adabin kasuwar Kano, da sigar raini. A ganina sun yi gaggawa. Waɗannan littattafai sun shiga ɗakunan matan aure da Zariya ba ta taɓa isa ba. Amma fa gaskiya ɗaya ce, ƙa'idojin rubutu sun sha wuya: ƙugiyar ƙ da ɗ ta ɓace, a haɗa kalmomin da ya kamata a raba, labari ya miƙe har littafi na uku alhali na ɗaya ya ishe shi.

Waƙa ba ta faɗa wannan rami sosai ba, domin rera ta ake yi. Sha'iri irin Aƙilu Aliyu ko Mudi Sipikin na ƙungiyar Hikima, in kari ya karye ko amsa-amo ya kauce, kunnen jama'a zai kama shi nan take. Aliyu Namangi makaho ne, kuma Imfiraji a bakin mabarata ta zaga ƙasar Hausa.

Yau labarai sun koma WhatsApp da Wattpad, shafi-shafi, masu karatu na biya ta waya suna matsa wa marubuciya ta saki ci gaba kafin ta sake dubawa. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016, ta dawo da alƙalai masu tantancewa, amma alƙali zaɓe yake yi, ba ya zama da ke ya ce 'yar'uwa, wannan babi a sake shi. Wannan aikin edita ne, kuma yanzu daga aljihun marubuci ake biyansa, tun littafin bai kawo ko kwabo ba.