Harufa Huɗu Da Ke Ɗauke Da Gadon Jiki

Kowa ya san ɗa yakan ɗauko hancin uba ko tsawon uwa, amma ba kowa ya san inda aka ajiye wannan gado ba. Mutanenmu kan ce a jini yake. Masana kuwa sun tarar da shi cikin wani abu siriri kamar zare, wanda suke kira DNA.

Jikin mutum dai an gina shi da ƙwayoyi ƙanana, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Kusan kowace irin ƙwaya tana da cibiya, kamar gwaiduwa cikin ƙwai, a nan zaren yake naɗe. Da za a warware na ƙwaya ɗaya tak, tsawonsa zai kai wajen mita 2, watau ya zarce dogon mutum. An kasa shi ƙunshi 46, 23 daga uwa, 23 daga uba. Wani likita mutumin Suwizalan, Friedrich Miescher, shi ya fara tsamo shi a 1869 daga mugunyar da ke jikin tsumman ɗaure miki, amma bai gane aikinsa ba.

Sai a 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana siffarsa a Kambirij ta Ingila, bisa taimakon hotunan da sashen Rosalind Franklin ya ɗauka a Landan. Siffar tsani gare shi, wanda aka murɗa kamar tufkar igiya. Kowace matakala sinadarai biyu ne riƙe da juna, sinadaran kuwa iri huɗu ne kacal, ana yi musu alama da harufan boko A, T, G da C. To, a nan hikimar take: A ba ta haɗuwa sai da T, G kuma sai da C. Saboda haka in ƙwaya za ta rabu biyu, sai tsanin ya tsage ta tsakiya, kowane ɓari ya zama abin dubawa, a cika masa ɗan'uwansa harafi bi harafi. Wanda ya taɓa juya littafi da alƙalami ya san wuyar wannan aiki, balle harufa wajen miliyan dubu 3 daga uwa, da kamarsu daga uba.

Asalin rubutun ba ya barin cibiya, kamar yadda malami ba ya ba da aron kundinsa. In ana bukatar wani babi, sai a juyo shi kan wani zare mai silli ɗaya, sunansa RNA, shi ya fita da saƙon, in an gama a rushe shi kamar an wanke allo. Ana karanta saƙon harufa uku-uku, kowane uku suna nuna ɗaya daga cikin tubala iri 20 da ake jerawa a gina furotin, wanda da shi jiki ke yin nama da gashi da yawancin ayyukansa.

Kada mai karatu ya ɗauka zancen Turawa ne kawai, gama ciwon sikila, wanda muke kira amosanin jini, daga nan ya samo tushe. A cikin babin da ke gina himogulobin, watau abin da ke sa jini ja yana ɗaukar iskar numfashi, akwai wurin da aka rubuta GAG. Ga mai sikila GTG ne. Harafi ɗaya ya sake, tubali ɗaya ya sake, kamar yadda Vernon Ingram ya nuna bambancin a 1956. Sai ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi, yaro ya kwana yana kukan ƙashi.

Wanda ya gaji harafin daga ɓangare ɗaya, shi ake kira AS, lafiyarsa ƙalau, har ma zazzaɓin cizon sauro mai tsanani bai cika kayar da shi ba. Shi ya sa harafin ya yawaita a ƙasashen sauro, har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya na ɗauke da shi. Amma in AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Ku lura fa, kowane ciki da nasa lissafi. Masu cewa "mun haifi ɗaya mai ciwo, ukun da ke tafe sun tsira" ruɗin kansu suke yi. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure.

A 2023 Ingila ta yarda da wani magani, Casgevy, wanda ke taɓa DNA na ƙwayoyin ɓargon majiyyaci, har su koma yin irin himogulobin na jariri wanda ba ya lanƙwasa ƙwaya. A Amurka an sa masa kuɗi fiye da dala miliyan 2 ga mutum ɗaya.