Saduwa da Dabba: Ma'anarta, Bincike a Kanta da Hukuncinta

Saduwa da dabba ita ce mutum, namiji ko mace, ya yi jima'i da dabbar gida ko ta daji. Littattafan fiƙihu suna kiran wannan aiki waɗ'ul bahima, jaridu da gidajen rediyo na Hausa kuwa sukan ce lalata da dabba. Abu ne da kusan kowace al'umma take ƙyamarsa, kunya kuma takan hana a yi zancensa a fili. Duk da haka malaman addini da masu tsara doka da likitoci sun daɗe suna rubutu a kansa, domin ranar da ƙara ta zo gaban alƙali dole ya san da wace hujja zai yanke hukunci.

Aiki daban, sha'awa daban

Masana halayyar ɗan Adam suna rarrabe abu biyu. Na farko shi ne aikin kansa, wanda mutum zai iya afka masa sau ɗaya saboda ƙuruciya ko maye ko taɓin hankali ko mugunta, ba tare da yana da wata sha'awa ta musamman ga dabbobi ba. Na biyu shi ne sha'awar da ta zauna a zuciya, inda mutum ya fi karkata ga dabba fiye da ɗan'uwansa ɗan Adam. Wannan ita likitoci ke kira zufiliya. Ana samun mai sha'awar da bai taɓa aikatawa ba, ana kuma samun wanda ya aikata alhali ba ya cikin masu wannan sha'awa. Kotu aikin take bincika, domin ba a hukunta mutum a kan abin da ke ransa. Likita kuwa sha'awar yake bi, ya ga daga ina ta taso da kuma ko tana kai mai ita ga cutar da kansa ko waninsa.

Yadda aka yi bincike a kai

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara shigar da batun cikin ilimin likitanci na zamani shi ne Richard von Krafft-Ebing, likitan ƙwaƙwalwa Bajamushe, a littafinsa Psychopathia Sexualis da ya fara fitowa a 1886. Yawancin labaran da ya tara daga asibitoci da kotuna suka fito, shi ya sa ya kalli lamarin a matsayin cuta.

Alƙaluman da aka fi ambata na Alfred Kinsey ne a Amurka. A rahotonsa na 1948 ya ce kimanin kashi 8 cikin 100 na mazan da aka tambaya sun taɓa yin wani abu na sha'awa da dabba, a rahoton 1953 kuma ya ba da kashi 3.6 ga mata. Ya ce adadin ya fi yawa a tsakanin samarin da suka tashi a gonakin kiwo. An soki waɗannan alƙaluma saboda yadda ya zaɓo mutanen, ciki har da fursunoni masu yawa. Binciken Morton Hunt na 1974 ya sami ƙasa da haka: kashi 4.9 ga maza, 1.9 ga mata. Daga baya masu bincike irin su Hani Miletski a 2002, da Colin Williams da Martin Weinberg a 2003, suka nemo masu wannan sha'awa da kansu, galibi ta intanet, suka yi musu tambayoyi. Raunin irin wannan hanya a fili yake: wanda ya yarda ya yi magana kaɗai ake ji, ba za a auna sauran jama'a da shi ba. Bayan haka, alƙaluman da aka tara a Amurka ba a ɗora su a kan ƙasar Hausa, domin tarbiyya da addini da yanayin zama ba ɗaya ba ne.

Matsayin sha'awar a kundin likitoci ma ya sauya. Kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ake kira DSM, ya ba ta gurbi nata na kanta a 1980. A bugun 1987 aka mayar da ita cikin jerin sauran karkatattun sha'awa, saboda da wuya a sami wanda ita kaɗai ce matsalarsa. Bugu na biyar, na 2013, ya bambanta sha'awar da cutar: sai ta jefa mai ita cikin damuwa, ko ta kai ga cutar da wani, sannan ake ɗaukarta rashin lafiya. A 2011 likitan binciken laifuffuka na Indiya, Anil Aggrawal, ya kasa masu wannan hali gida goma, a cikinsu akwai wanda abin bai wuce tunani ba, akwai kuma wanda sai ya azabtar da dabbar ko ya kashe ta.

Likitocin dabbobi su ma sun shigo. A wani bincike da Helen Munro da Michael Thrusfield suka buga a Birtaniya a 2001, cikin rahotanni 448 na dabbobin da aka ji wa rauni da gangan, 28 sun shafi lalata. Ƙananan dabbobi sukan sami yagewa da zubar jini, wani lokaci su mutu. Shi ma mutumin yana cikin haɗari, domin akwai cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum ta ruwan jiki, kamar bakkale, wadda makiyaya suka sani da sa shanu ɓari.

Hukunci a tsofaffin dokoki

Haramcin ya girmi dokokin zamani nesa ba kusa ba. Dokokin Hittiyawa, waɗanda suka yi mulki a inda Turkiyya take a yau fiye da shekara dubu uku da suka wuce, sun tanadi kisa ga wanda ya sadu da saniya ko tunkiya ko alade ko kare, amma ba su sa kisa a kan doki da alfadari ba. Attaura, a Littafin Firistoci sura ta 20, ta ce a kashe mutumin, a kashe dabbar. A kan wannan Turai ta ɗora dokokinta. Ingila ta mayar da aikin laifin kisa a dokar 1533, zamanin Sarki Henry na Takwas, kisan kuma bai fita daga doka gaba ɗaya ba sai 1861. Faransa ta bi wata hanya: kundin laifuffukanta na 1791, bayan juyin juya hali, ya zubar da laifuffukan da ake ganin na addini ne zalla, har da wannan.

Matsayin fiƙihun Malikiyya

Malaman Musulunci sun haɗu a kan cewa aikin haramun ne kuma alfasha ce. Inda suka saɓa shi ne hukuncin. Akwai hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ta hanyar Ibn Abbas mai umarni da kashe mai aikin da dabbar. Amma an kuma ruwaito daga shi Ibn Abbas ɗin cewa babu haddi a kan wanda ya aikata, Tirmizi kuma ya ce wannan ruwaya ta biyu ta fi inganci. Saboda haka Hanafiyya da Malikiyya, da ra'ayin da ya fi rinjaye a Shafi'iyya da Hambaliyya, suka tafi a kan ta'aziri, wato horon da alƙali zai ƙayyade gwargwadon abin da ya gani.

Wannan shi ne abin da ɗalibi ke tararwa a zaurukan karatu na Katsina da kewayenta. Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa ba a kashe mai wannan laifi, horo ake yi masa. Muhtasar na Halil ya ƙara da hukuncin dabbar: tana nan kamar kowace dabba, ana yanka ta, ana cin namanta. A nan Malikiyya ta bambanta da Hambaliyya, waɗanda suka ce a kashe ta. Littattafan sun kuma taɓo batun a babin tsarki da na azumi, inda suka ce wanka yana wajaba a kan mai aikin, azuminsa kuma ya karye. Tunda ba zina ba ce, wanda ya jefi wani da wannan zargi ba tare da hujja ba, ba haddin ƙazafi za a yi masa ba, amma alƙali zai ladabtar da shi.

Dokar Nijeriya

A Arewacin Nijeriya dokar da ta fara tsara laifin a rubuce irin na zamani ita ce Final Kod, wadda aka zartar a 1959 ta fara aiki a 1960, zamanin gwamnatin Sardauna. An ɗauko tsarinta daga kundin Sudan, shi kuma daga kundin Indiya na 1860. Sashe na 284 ya haɗa saduwa da dabba da sauran saduwar da ta saɓa wa ɗabi'a a wuri guda, ya tanadi ɗauri da zai iya kai shekara 14, tare da yiwuwar tara. A Kudu kuwa kundin laifuffukansu, a sashe na 214, ya tanadi shekara 14, sashe na 215 kuma ya sa shekara 7 ga wanda ya yi yunƙuri. Jihar Katsina ta gaji Final Kod lokacin da aka cire ta daga Kaduna a 1987.

Bayan Zamfara ta fara aiki da kundin laifuffuka na shari'ar Musulunci a Janairun 2000, wasu jihohi goma sha ɗaya na Arewa suka bi wannan tafarki ta hanyoyi daban-daban, Katsina na cikinsu a zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa. Waɗannan kundaye sun raba saduwa da dabba daga luwaɗi, suka ba ta sashe nata, suka bi Malikiyya wajen sa ta a ta'aziri. Kundin Zamfara ya tanadi bulala 50 da ɗaurin wata 6. Abin lura a nan shi ne, a wannan laifi dokar da aka gada daga Turawa ta fi ta shari'a tsanani wajen tsawon ɗauri. Musulmi ne kundin shari'a ya shafa, sai kuma wanda ya amince da kansa a yi masa shari'a da shi. Wanda ba Musulmi ba, in bai amince ba, kotun majistare ko babbar kotu ce ke duba lamarinsa.

Yadda ƙara take tafiya

A yankin noma da kiwo irin na Dutsin-Ma da Kurfi a Jihar Katsina, inda da wuya a shiga gida a rasa akuya ko tunkiya a turke, duk wata rigima da ta shafi dabba takan fara ne daga gaban mai unguwa, ta je ga dagaci, in ta yi girma ta kai ga hakimi: Yandaka a Dutsin-Ma, Maradi a Kurfi. Amma sarakuna ba su da ikon yanke hukuncin laifi. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar, kuma ba a hukunta kowa sai da laifin da ke rubuce a doka. Saboda haka dole zance ya je ofishin 'yan sanda, daga nan kotu.

Tabbatar da laifin ke da wuya. Dabba ba ta ba da shaida, aikin kuma a ɓoye ake yin sa, a kango ko gona ko bayan gari. Mai gabatar da ƙara yana dogara ne da wanda ya gani da ido, ko iƙirarin wanda ake tuhuma, ko rahoton likitan dabbobi da ya duba dabbar kafin alamu su gushe. Iƙirarin da aka samu da duka ba ya tsayawa a kotu, jama'ar da suka ɗauki doka a hannunsu kuma su ma sun aikata laifi. Alƙali yana kuma duba shekaru da hankali. Final Kod ba ta ɗora laifi a kan yaron da bai kai shekara 7 ba, ko wanda taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake yi. A shari'a ma sai mukallafi ake kamawa. Idan akwai shakka, ana iya neman rahoton likitan ƙwaƙwalwa, irin waɗanda ke asibitocin Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano da Kware a Sakkwato.

Akwai kuma mai dabbar. Sau da yawa akuyar ta wata mata ce da ta ajiye ta jari don kayan ɗakin 'yarta. Da labari ya bazu, maƙwabta su ƙi nonon, mahaucin gari ya ƙi taya ta, sai dai a kai ta wata kasuwa mai nisa a sayar da ita a wulaƙance. Wannan ƙyama ta al'ada ce, domin a hukuncin Malikiyya dabbar ba ta haramta ba. Idan kuwa ta ji rauni ko ta mutu, biyan ƙimarta yana kan wanda ya yi ɓarnar.

Sauyin dalilin haramci a duniya

A ƙarni na 20 ƙasashen Turai da dama sun cire laifin daga dokokinsu bisa ra'ayin cewa hukuma ba ta da hurumi a ɗabi'un mutum na sirri. Jamus ta Yamma ta yi haka a 1969. Daga baya suka dawo da haramcin, amma da wani dalili na daban: kare dabba, wadda ba ta da bakin da za ta yarda ko ta ƙi. Masanin laifuffuka Piers Beirne ya ba wannan ra'ayi ƙarfi a 1997, inda ya nemi a ɗauki aikin a matsayin cin zarafi. Jamus ta sake haramta shi a 2013 cikin dokar kare dabbobi, da tarar da za ta iya kai Yuro 25,000, kotun tsarin mulkinta kuma ta ƙi soke dokar da aka ƙalubalance ta. Suwidin ta bi baya a 2014, Denmak a 2015. A Ingila dokar 2003 ta sa ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba. Jihar Washington ta Amurka ta yi tata dokar a 2006, bayan wani mutum ya mutu a 2005 sakamakon raunin da ya samu a irin wannan aiki, aka kuma tarar babu dokar da ta hana shi kai tsaye.

Indiya, wadda sashe na 377 na kundinta shi ne tushen sashe na 284 na Final Kod, ta sauya kundin gaba ɗaya a Yulin 2024, sabon kuma bai ɗauko wannan sashe ba, abin da ya sa masu kare haƙƙin dabbobi a can suke neman a cike giɓin. A Nijeriya haramcin yana nan a kan tushensa na addini da ɗabi'a, zaluntar dabba kuwa laifi ne na daban mai nasa sashe, wanda mai gabatar da ƙara zai iya haɗawa da tuhumar idan dabbar ta ji rauni.