Karatun Taswira: Ma'auni, Shiyya da Kurakuran da ke Jawo Asara

Taswira zane ce ta ƙasa kamar yadda mai kallo daga sama zai gan ta, an ƙanƙanta ta har ta shiga takarda. Da yake ba komai ne zai samu gurbi ba, mai zanen yakan zaɓi abin da zai nuna, ya wakilta shi da alama. Shuɗi na ruwa ne, kore na daji, baƙi na gine-gine da layin dogo. Shuɗin layi mai tsinkewa rafi ne da ke gudu da damina kawai. Bayanin alamomin yana gefen takardar, kuma nan ya kamata ido ya fara sauka, tare da shekarar da aka yi taswirar. Wadda aka buga kafin 1991 ba za ta nuna Jihar Jigawa ba. Ta shekarun 1960 kuwa za ta shimfiɗa Tafkin Chadi a faɗinsa na wancan lokaci, kimanin murabba'in kilomita 25,000, alhali ya ja baya ƙwarai tun farin shekarun 1970 da 1980.

Ma'auni shi ne ke faɗin sau nawa aka rage ƙasar. Idan an rubuta 1:50,000, santimita ɗaya a takarda daidai take da santimita 50,000 a ƙasa, wato mita 500. Santimita biyu sun zama kilomita guda. A 1:100,000 kuwa, kowace santimita kilomita ce cur. Girman lamba yakan ruɗi mutane, su ɗauka mai lamba babba ita ta fi bayani. Akasin haka ne. Taswirar 1:1,000,000 za ta ɗauki jihohi da dama amma ba za a ga unguwa a cikinta ba, yayin da zanen fili irin wanda safiyo ke yi a 1:500 ko 1:1,000 zai nuna katanga da lungu.

Ana kuma zana ma'auni a siffar ɗan layi mai gaɓa-gaɓa a ƙasan taswira, kuma shi ya fi aminci. Duk takardar da aka ƙara wa girma ko aka rage a injin kwafi, ko aka ɗauka da waya aka sake bugawa, lambar 1:1,000 da ke jikinta ta tashi daga aiki. Layin ne kaɗai ke girma ko raguwa tare da zanen. Mai sayen fuloti da ya aza rula a kan irin wannan kwafi zai iya biyan kuɗin filin da babu shi. Gara a je wurin da safiyo, a nemo turakun iyaka, a ja tef.

Nisan da rula ke bayarwa na miƙe ne. Tsakanin Kano da Kaduna kimanin kilomita 200 ne a miƙe, amma mota tana cin wajen 230. Hanya mai lanƙwasa da zare ake bin ta, sannan a miƙe zaren a kan layin ma'auni.

A yawancin taswirorin yau arewa ce a sama, gabas a dama. Al'ada ce kawai: al-Idrisi, a taswirar da ya kammala a 1154, kudu ya sa a sama. Zanen fili ma ba dole ne ya bi wannan tsari ba, don haka a nemi kibiyar da ke nuna arewa, a juya takardar har ta dace da arewar wurin. Masana suna ƙirga shiyya da digiri, daga arewa a zagaya ta dama: gabas 90, kudu 180, yamma 270.

Dogaro da fitowar rana shi ne babban tarko. Sau biyu kawai a shekara take fitowa daga gabas sak, wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba. A Kano, cikin watan Yuni takan karkata arewa da kusan digiri 24, a Disamba ta karkata kudu da kwatankwacin haka. Alƙibla daga Kano tana wajen digiri 68, wato gabas ce mai karkata arewa. Wanda ya fitar da harsashin masallaci da fitowar ranar Yuni ya kusa dacewa. Wanda ya yi da ta hunturu ya kauce da fiye da digiri 40. Kamfas ya fi, domin a wannan yanki bambancin arewarsa da arewa ta haƙiƙa kaɗan ne. Sai dai ƙarfe yana jan allurarsa: kusa da mota, rodi ko turakun lantarki zai faɗi abin da ba shi ba, kuma na cikin waya ma bai tsira ba.

Tudu da kwari ana gane su da siraran layuka masu ruwan ƙasa, kowanne yana haɗa wuraren da tsayinsu daga teku ya zo ɗaya. Inda suka matsu, kamar a gefen tsaunukan Jos, gangare ne mai tsanani. Inda suka yi nisa da juna, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. In suka yi tsini wajen tsallaka rafi, tsinin yana kallon inda ruwan ya fito. Filin da ke tsakiyar irin wannan tsini hanyar ruwa ce, ko da an same shi busasshe ƙayau a watan Maris. Irinsa dillalai ke nunawa da rani a farashi mai sauƙi, ambaliyar Agusta kuma ta zo ta bi tsohuwar hanyarta ta cikin ɗakuna.