Sabuwar Direba Ko In Riƙe Tsohuwata?

Yau maganar direba za mu yi, amma ba na mota ba. A wasan golf, direba ita ce sandar da ake yin bugun farko mai nisa da ita.

Tawa kawuna ne ya ba ni, ta kai shekara bakwai. Kwanan nan na ga sabuwar TaylorMade a hannun abokina, wallahi sai da raina ya biya. Amma kuɗinta kusan dala 600 ne fa.

Ga abin da talla ba ta faɗa. Hukumomin da ke tsara dokar wasan, USGA da R&A, sun ce girman kan sandar kada ya wuce cc 460, sun kuma sa iyaka ga yadda fuskarta ke tunkuɗa ƙwallo. Kamfanoni sun daɗe da kaiwa wannan iyakar. Wato in ka bugi ƙwallo da tsakiyar fuskar, nisan kusan ɗaya ne. Inda sabuwa ta fi shi ne in bugunka ya kauce wa tsakiya, ƙwallon ba ya karkacewa sosai.

Don haka ka canza in fuskar ta tsage, ko in sandar ba ta dace da saurin bugunka ba. Kafin nan, gwada su biyun rana guda.

Ni na ari ta abokina, na buga goma-goma. Bambancin bai taka kara ya karya ba. Sai na sauya robar mariƙi kawai, na biya mai koyarwa ya gyara min bugu.

Ku me za ku zaɓa? Sai mun haɗu a shiri na gaba.