FASHIN BAƘI: Me ke rina robar tsofaffin na'urorin gem, kuma me ya sa wanke ta ya zama abin gardama?

A watan Maris na 2020, kamfanin gwanjo na Heritage Auctions da ke birnin Dallas na ƙasar Amurka ya sayar da wata tsohuwar na'urar wasan bidiyo a kan dala 360,000. Samfuri ce da Sony da Nintendo suka ƙera tare a farkon shekarun 1990, kafin su raba gari, kuma ba ta taɓa shiga kasuwa ba. Robar da aka yi mata kwanso ta daɗe da rinewa, ta koma ruwan ɗorawa kamar takardar tsohon littafi, kuma da wannan rawayar tata aka buga mata ƙararrawa.

Miliyoyin na'urori na wancan zamani suna cikin irin wannan hali: Commodore 64 ta 1982, Macintosh ta 1984, Amiga 500 ta 1987, Game Boy ta 1989, da Super Nintendo da ta isa Amurka a 1991. Haka fararen sojojin Star Wars da kamfanin Kenner ya fara sayar wa yara a 1978, haka fararen tubalan LEGO. Yaran da suka yi wasa da su sun girma, wasunsu sun yi kuɗi, suna neman abin da suka bari a baya, kuma suna son ganin sa fari kamar ranar da aka ciro shi daga kwali. Daga wannan buri ne aka samu sana'ar wanke roba, da gardamar da ta biyo bayanta.

Abin da ke faruwa a cikin robar

Akasarin waɗannan kayayyaki da roba mai suna ABS aka yi su, wadda haɗin sinadarai uku ce. Ɗaya yana ba ta tauri, ɗaya yana ba ta sheƙi da sauƙin sarrafawa, na ukun kuma, wanda ake kira butadayin, shi ke sa ta jure faɗuwa ba ta tarwatse ba. Wannan na ukun shi ne lagonta. Iskar oksijin tana kama shi sannu a hankali tana sauya ƙirar ƙwayoyinsa, kuma sababbin ƙwayoyin da ke fitowa suna shanye shuɗin haske, sai ido ya riƙa ganin rawaya. Hasken UV da ke cikin rana yana hanzarta lamarin, zafi ma haka. Shi ya sa na'urar da ta shekara ashirin a kusa da taga take rinewa ta gefe guda, wadda aka kulle a ɗaki mai zafi kuma tana iya rinewa ko da rana ba ta taɓa ganin ta ba.

An daɗe ana ɗora laifin a kan sinadaran hana kama wuta masu ɗauke da biromin, waɗanda masana'antu suka riƙa gauraya wa robar kayan lantarki. Bayanin ya yaɗu ƙwarai, domin yana da sauƙin fahimta kuma yana da wanda za a nuna wa yatsa. Sai dai ABS tana rinewa ko babu su, kamar yadda duk mai tsofaffin fararen tubalan LEGO zai shaida. Abin da ke cikin haɗin yana iya sauya saurin rinewar, wannan kam haka ne. Super Nintendo ce hujjar da aka fi kawowa: sau da yawa za a ga murfin sama ya yi rawaya sosai, na ƙasa kuma yana nan da tokarsa, alhali a ɗaki ɗaya suka tsufa. Ba daga kwaɓi ɗaya aka zuba su ba.

Akwai kuma dattin da ake ɗauka rinewa ce alhali ba ita ba ce, kamar hayaƙin taba da maiƙon hannu da ƙura. Wannan sabulu da ruwan ɗumi da tsohon buroshin haƙori sun ishe shi.

Daga Jamus zuwa ko'ina

Kafin 2008 an ɗauka cewa rawayar ba ta da magani sai fenti. A wannan shekara wasu masu adana tsofaffin kwamfutocin Commodore a garin Wuppertal na Jamus suka lura cewa robar da aka jiƙa kwanaki a cikin ruwan haidirojin feroksaid tana washewa. Masu sha'awar kwamfutar Amiga, ciki har da masu ilimin haɗa sinadarai, suka ɗauki dabarar suka inganta ta. Suka ƙara wani sinadari da ke cikin garin wankin tufafi, mai suna TAED, wanda ke sa feroksaid ɗin ya yi aiki ba tare da zafi mai yawa ba, suka kuma sa abin da zai yi masa kauri domin a shafa shi kamar man shafawa. Suka raɗa wa haɗin suna Retr0bright, suka saki bayaninsa kyauta ga duk mai so. Babu kamfanin da ya mallake shi, babu kuma hukumar da ta gwada ingancinsa.

Feroksaid ba baƙon abu ba ne. Shi ne ruwan da ake saya a kemis don wanke ciwo, mai ƙarfin kashi 3 zuwa 6 cikin 100, kuma shi ne a cikin man da masu gyaran gashi ke kwaɓa rini da shi, wanda mafi ƙarfinsa a shagunan gyaran gashi yake kai kashi 12. Aikinsa a kan roba shi ne ya farfasa ƙwayoyin da ke kawo launin, su koma marasa launi.

Mai aikin yakan fara da kwance na'urar gaba ɗaya. Fanel da wayoyi da duk wani ƙarfe sai an ware su, domin feroksaid yana sa tsatsa, takardun da aka manna kuma suna koɗewa. A wanke kwanson tas, sannan a zaɓi hanya. Wasu suna nutsa shi a cikin ruwan a babban mazubi mai gani-har-hanji, su danne shi don kada kumfa ta taso da shi, su ajiye a rana ko a ƙarƙashin fitilar UV na sa'o'i. Wannan ita ta fi ba da launi bai-ɗaya, amma tana cin ruwa da yawa. Wasu suna shafa mai kaurin su naɗe da leda, hanya mai arha wadda ta fi kowace ɓata kaya: duk inda man ya bushe ko ledar ta tattare, sai a samu zane-zane da dabbare-dabbare waɗanda ba sa gyaruwa. Hanya ta uku, wadda ta yi tashe daga baya, ita ce a zuba ruwan kaɗan a ƙasan mazubi, a ɗora kwanson a sama ba tare da ya taɓa shi ba, tururin ya yi aikin.

Kowace aka bi, akwai haɗari ga kayan da kuma mai aikin. Zafi idan ya yi yawa robar tana lanƙwashewa, murfi ya ƙi komawa mazauninsa. Roba mai launi, kamar toka mai duhu ko shuɗi ko ja, tana iya yin fari-fari kamar an barbaɗa mata alli. Feroksaid mai kashi 12 yana ƙona fata, yana kuma iya yi wa ido mummunar illa, don haka safar hannu da tabaran kariya wajibi ne. Ba a toshe shi a cikin kwalba a bar shi a rana, domin yana fitar da iska, ba a kuma gauraya shi da wasu sinadaran wanki. A ƙasashen Tarayyar Turai, dokar da ta fara aiki a watan Fabrairu na 2021 ta hana sayar wa gama-garin mutane wanda ya haura kashi 12 sai da lasisi, saboda an sha amfani da mai ƙarfin wajen haɗa abubuwan fashewa.

Rawayar tana dawowa

Bidiyon da ke samun miliyoyin masu kallo a YouTube yana tsayawa ne a daidai lokacin da aka ɗauraye kwanson aka nuna shi fari sol. Abin da ke biyo baya ba ya shiga kyamara. Masu tara kaya da dama sun buɗe akwatunansu bayan shekara biyu ko uku sun tarar rawayar ta dawo, har a kan kayan da aka adana a duhu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Feroksaid saman robar kawai yake taɓawa, kuma bai mayar da ita yadda take a masana'anta ba. Oksijin ne ya jawo cutar tun farko, maganin kuma shi ma aikin oksijin ne, mai ƙarfi da gaggawa. An kawar da launin, amma an bar fuskar robar a gajiye, a buɗe ga iska da zafi. Wanda ya maimaita wankin sau biyu ko uku yana ƙara cinye wannan fuskar ne, a kan robar da shekaru talatin ko arba'in suka riga suka sa ta fara gautsi.

A nan ne masu adana kayan tarihi suka rabu da masu sha'awa. Ƙa'idar aikin gidajen tarihi ita ce a guji duk gyaran da ba za a iya warware shi ba, wankin feroksaid kuwa ba ya warwaruwa. Abin da suka fi ba wa muhimmanci shi ne rage saurin lalacewar: ɗaki mai sanyi, haske kaɗan, iska mara laima. Ga na'urar da aka ƙera miliyoyinta, kuma mai ita yana son ganin ta fara a falonsa, asarar ba ta taka kara ta karya ba. Ga samfurin da ya rage guda ɗaya ko biyu a duniya, wanke shi ganganci ne.

Inda kuɗi ya shigo

Da a ce sha'awa ce zalla, da gardamar ba ta yi zafi haka ba. A watan Yuli na 2021 an sayar da kwafin wasan Super Mario 64 da ba a taɓa buɗewa ba a kan dala miliyan 1.56, kwanaki kaɗan bayan an sayar da The Legend of Zelda a kan dala 870,000. Farashin ya jawo zargin cewa ana hura kasuwar da gangan, har aka shigar da ƙara a kan kamfanin tantance inganci na Wata a 2022. A kasuwar da maki ɗaya na inganci ke ninka farashi, launi kuɗi ne.

Mai sayarwa zai iya sayen na'ura mai rawaya da arha, ya jiƙa ta yini guda, ya ɗauki hoto, ya sa ta a eBay a matsayin wadda aka adana da kyau. Mai saye ba shi da hanyar ganewa daga hoto. Sai bayan shekaru, lokacin da damar mayar da kaya ta daɗe da wucewa, gaskiya za ta fito a jikin robar. Masu sayarwa na kirki suna rubuta cewa an wanke kayan, wasu masu saye kuma sun fi son mai rawaya, don sun san ba a taɓa shi ba. Ɓoye wankin algus ne, ba shi da bambanci da na dillalin da ke shafe tsatsar mota da fenti kafin ya kai ta kasuwa.

Kwanson ma ba shi ne ya fi fuskantar barazana ba. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka saki a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa yanzu. A watan Oktoba na 2024 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi amincewa da buƙatar a bar ɗakunan karatu su ba masu bincike damar buga irin waɗannan wasanni ta intanet. Ke nan tsohuwar na'ura mai aiki ita ce sau da yawa halastacciyar hanya ɗaya da ta rage ta ganin wasan.

Robar da ba wanda ya wanke

Kaɗan ne daga cikin kayan wancan zamani suka faɗa hannun masu tarawa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan sharar lantarki ya ce duniya ta zubar da tan miliyan 62 a 2022, kuma kashi 22.3 cikin 100 ne kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa bisa ƙa'ida. Wani bincike da aka yi a tashoshin ruwa na Legas a 2015 da 2016 ya ƙiyasta cewa kusan tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa duk shekara, da yawansu a cushe cikin motocin tokumbo. Irin wannan hanya ce ta kawo da yawa daga cikin na'urorin Sega da PlayStation da suka cika gidajen gem na unguwanni, waɗanda ƙarshensu buhun ɗan gwangwan.

Sinadaran biromin ɗin nan, ko da ba su ne ummul'haba'isin rawayar ba, suna da laifin da ya fi wannan girma. Wasu daga cikinsu ba sa ruɓewa, suna taruwa a jikin mutum da dabba. Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da rukunin PBDE a sababbin kayan lantarki tun 2006, Yarjejeniyar Stockholm kuma ta sa nau'i biyu a jerin haramtattu a 2009, ta ƙara na uku a 2017. Haramcin bai taɓa robar da aka riga aka zuba ba. Ana ƙona ta a juji don a ciro tagulla, ko a niƙa ta a sake narkarwa. A 2017 ƙungiyar IPEN ta gwada kayan wasan yara da aka yi da irin wannan roba daga ƙasashe 26, ciki har da Najeriya, ta kuma sami waɗannan sinadarai a mafi yawansu.