Barci a tanti: abubuwan mamaki daga karar Maigatari zuwa Mina

Duk daren Laraba, jajiberin kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis, akwai jama'ar da ba ta kwana a ɗaki. Masu koro shanu da raƙuma daga Nijar, direbobin tirela da yaransu, 'yan lodi, masu shayi: wani ya ɗaure tamfol a jikin mota, wani ya shige ƙarƙashinta, wani kuma ya kafa ɗan tantin zamani mai zif. Haka makiyaya suke a dazukan Gagarawa da Sule Tankarkar, haka manomin da ke gadin kankana idan ta nuna. Gari na wayewa wani ya miƙe garau, wani ya tashi jiki duk a mace. Ga kaɗan daga abubuwan da ke raba mutanen nan biyu, wasu daga bakin masana, wasu daga mutanen jeji.

Yawancin sanyin da ke hana mai kwana a waje barci ta ƙasa yake shigarsa. Ƙasa ta fi iska saurin zuƙe ɗumin jiki nesa ba kusa ba. Ka lulluɓa da bargo uku, in tabarma ɗaya ce tsakaninka da yashi, sai ka kwana kana juyi. Ko bargon ma in a kansa ka kwanta, nauyinka zai matse shi, iskar da ke tsakanin zarensa, wadda ita ce mai riƙe ɗumin, ta fice. Shi ya sa buzu mai gashi ya fi shimfiɗar zani biyar, shi ya sa Bafulatana ke ɗaga gadonta na kara sama da ƙasa, kuma shi ya sa yaron mota ke tattara kwalayen taliya da na sabulu tun da yamma. Kwali biyu ko uku a ƙarƙashin tabarma suna aikin da mutum ba zai yarda ba sai ya gwada. In bargo biyu ne da kai, ɗaya ƙasa, ɗaya sama.

Yashin da ya ƙone maka ƙafa da azahar shi ne zai daskarar da kai da asuba. A hunturu iskar ƙasar Gumel a bushe take, babu danshi ko gajimare da zai tare zafin da ƙasa ta sha da rana, sai ya tsere sama da zarar rana ta faɗi. A Disamba da Janairu rana kan kai digiri 30 ko kusa da haka, dare kuma ya sauko ƙasa da 15. Tsananin sanyin ba tsakar dare yake zuwa ba, gab da fitowar rana ne, domin ƙasa ta kwana tana zubar da zafi babu mai mayar mata. Wanda ya yi wurgi da bargo ƙarfe goma na dare zai laluba nemansa kafin kiran assalatu.

Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, gangarawa take yi ta taru a kwari. Tanti biyu a gona ɗaya, na bakin fadama ya sha muku-muku, na kan tudu ya kwana lafiya. Sauro ma can ƙasan ya fi yawa.

Ƙofa kuwa a juya ta yamma ko kudu maso yamma. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa da ƙurarta, hadarin damina kuma yawanci daga gabas yake tasowa. Juyi ɗaya ya raba ka da su duka biyun.

Turakun ƙarfe sirara da ake sayar da tanti da su don ƙasa mai tauri aka yi su. A rairayi irin na Maigatari iska ɗaya ce za ta tuge su. Dabarar ita ce a ɗaura igiyar a tsakiyar guntun itace, a haƙa rami kamu ɗaya, a kwantar da itacen a gicciye, a binne, a tattake. Buhun da aka cika da yashi ma yana yi. Tun da ana haƙa, sai a ɗan rarake wurin da ƙugu da kafaɗa za su sauka kafin a yi shimfiɗa. Ramin da bai fi zurfin tafin hannu ba yana raba mutum da ciwon baya na yini guda.

Mai katifar nan da ake hura wa iska yana da maƙiya biyu a wannan yanki, ƙarangiya da tsidau. Ƙwayar tsidau ɗaya tak, mai ƙayar nan da ke huda tayar keke, ta isa ta sa ka fara barci a kan iska ka ƙarasa shi a ƙasa. A share wurin da reshe, sannan a bi da tafin hannu a hankali, da sauran haske.

Gawo bishiya ce mai saɓa wa 'yan'uwanta: da damina take zubar da ganye, da rani ta yi kore shar. To inuwarta ta rani ita ce matattarar dabbobi, don haka gindinta cike yake da kashin shanu, da kaska, da ƙaya. Wuri ne na hutun rana, ba na kwana ba. Tsamiya da kuka kuwa ba sai an hana kowa ba, tsoron mutanen ɓoye ya riga ya yi wannan aikin.

Daren farko a baƙon wuri ba ya daɗi, ko da a otal mai tsada ne, kuma an gano dalili. A 2016 masu bincike a Jami'ar Brown ta Amurka, cikinsu har da Masako Tamaki, sun auna ƙwaƙwalwar mutanen da suka kwana a sabon wuri, suka ga ɓangaren hagu ba ya nutsewa cikin barci kamar na dama a daren farko. Gadi yake yi, ƙaramin motsi ya tashe shi. A dare na biyu sai abin ya daidaita. Agwagi ma suna da irin wannan, har sun fi mu: na bakin layi yakan yi barci da ido ɗaya a buɗe. Saboda haka baƙon da ya kwana a kara yana jin kowane atishawar raƙumi ba matsoraci ba ne. Matashin kai da aka saba da shi, ko mayafin gida mai ƙanshin gida, yana iya rage abin.

Maƙwabtan nasa ma ba masu dogon barci ba ne. Saniya ba ta wuce kimanin awa 4 a yini da dare, sauran lokacin tuƙa take yi. Doki yana gyangyaɗi a tsaye, domin gaɓoɓin ƙafarsa suna da wata makulla da ke riƙe shi ba tare da gajiya ba, amma barci mai nauyi sai ya kwanta. Jaki kuwa ba shi da agogo, kuma ba ya neman izini.

Abin mamakin shi ne, bayan wannan daren na farko, kwanan jeji gyara barci yake yi. A 2013 Kenneth Wright na Jami'ar Kolorado ya kai mutum 8 suka yi mako guda a tanti cikin duwatsu, babu tocila, babu waya, sai rana da wutar itace. Da suka dawo aka auna sinadarin melatonin, wanda jiki ke saki idan lokacin barci ya yi, aka tarar yana fitowa da wuri da kusan awa 2. Wanda ya saba raba dare ya koma yin hamma bayan isha'i. Sai dai a yau mai tantin yakan shige ciki da wayarsa, ya kwanta yana latsa TikTok har caji ya ƙare, ya mayar da jejin birni.

Wata ma yana da hannu. Binciken da aka wallafa a 2021, wanda aka yi a kan al'ummar Toba ta Ajantina da kuma ɗalibai a birnin Siyatil, ya nuna mutane sun fi jinkirin kwanciya, barcinsu kuma ya fi gajarta, a dararen da ke gab da cikar wata. Duk wanda ya taɓa ganin dandali a daren sha uku ga wata ba zai yi musu ba. Tanti mai farin yadi a irin wannan dare, gara ka ja rawani ko hula ka rufe ido.

Maganar cewa mutanen zamanin da sukan yi barcin awa 10 kuwa ba ta tabbata ba. A 2015 an bi mafarautan Hadza na Tanzaniya, da San na Namibiya, da Tsimane na Bolibiya, waɗanda ba su da lantarki, aka ga barcinsu tsakanin awa 6 ne zuwa 7. Sukan kwanta sa'o'i bayan faɗuwar rana, lokacin da gari ke ƙara sanyi, su tashi a daidai ƙarshen sanyin.

Safa tana taimakawa barci ya zo da sauri. Masu bincike a Basel ta Suwizalan sun nuna a 1999 cewa ɗumin ƙafa da hannu yana buɗe jijiyoyin jini, zafin cikin jiki ya sauka, barci ya zo da wuri. Gorar roba mai kauri da ruwan ɗumi a ciki, a nannaɗe da tsumma a ajiye wajen ƙafa, ta wadatar. Abin da ke ɓata wannan shiri shi ne zaman shayi. Shayin Buzaye zagaye uku ne, ga goro a kai, kuma rabin sinadarin da ke hana barci yana nan a jini bayan kimanin awa 5. Kofin ƙarfe tara na dare bai gama da kai ba har ƙarfe biyu.

Ka tashi ka ga rufin tanti yana ɗiga alhali ko gajimare babu? Numfashinka ne. Tururin da mutum ke fitarwa dare guda yana haɗuwa da tamfol mai sanyi ya koma ruwa. Rufe ko'ina ruf don gudun sanyi shi ke jiƙa bargo, jiƙaƙƙen bargo kuma ba ya ɗumi. A bar 'yar kafa ta sama.

Waɗanda tanti ya zame wa gida sun daɗe da warware wannan. Tantin Larabawan ƙauye na gashin akuya saƙarsa sakwa-sakwa ce, iska na ratsawa, amma ruwa na taɓa shi zaren ya kumbura ya toshe kafofin. Buzaye suna ɗinka nasu da fatun awaki da tumaki masu yawa, ko su yi na tabarmin kaba a wajen Agadas, gadon kuma a ɗage yake bisa itatuwa. A wurinsu tanti na mace ne, da shi take zuwa gidan aure, in auren ya mutu ta naɗe kayanta, maigida ya nemi gindin bishiya. Wodaaɓe na Nijar su kuma da rani ba su damu da rufi ba sam: gado, da teburin jera ƙore, da ɗan shingen ƙaya ta baya, gida ya kammala.

Gado mafi tsufa da aka sani a Afirka yake. A kogon Sibudu na Afirka ta Kudu, Lyn Wadley da abokan aikinta sun tono shimfiɗar ciyawa mai shekara 77,000, an lulluɓe ta da ganyen wata bishiya mai korar ƙwari. A 2020 suka ba da labarin wata a kogon Border da ta kai shekara 200,000, ciyawa bisa toka. Ƙwari masu rarrafe ba sa son bi ta cikin toka.

Kunama tana son wuri mai duhu da matsi, takalmi sau-ciki kuwa ya cika sharaɗi. A kakkaɓe kafin a saka, kullum. Wani abin al'ajabi game da ita: in aka haska ta da tocila mai hasken ultrabayolet, irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita, sai ta yi ƙyalli kore-kore a cikin duhu. Gidan sauro da aka cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ta ko'ina yana tare ta, har da maciji. A Nepal an gano masu kwana cikin gidan sauro sun fi tsira daga saran macijin da ke bin mutane shimfiɗa da dare. A bazara, lokacin da tanti ke zama tanda, gidan sauron kaɗai a ɗaure da sanduna huɗu ya fi kowane tanti. Sharaɗin dai kada gwiwa ko hannu ya jingina da ragar, don sauro ta ciki yake soka bakinsa.

A watan Maris na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a Gumel kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, da tantinsa cikin kaya. Su uku suka ƙetaro Sahara, shi kaɗai ya koma gida. James Richardson ya rasu a cikin watan nan na Maris kafin ya isa Kukawa, Adolf Overweg ya bi shi a 1852 a bakin Tafkin Chadi bayan zazzaɓi. A zamaninsu gurɓatacciyar iskar fadama ake zargi da kawo zazzaɓi. Sai a 1897 Ronald Ross ya ga ƙwayar cutar cizon sauro a cikin sauron kansa.

Alhazanmu kuwa sun san birnin tanti mafi girma a duniya, wato Mina, mai tantuna sama da 100,000 da ke zama wayam kusan duk shekara sai 'yan kwanakin aikin Hajji. Farin rufinsu ba yadi ba ne. Bayan gobarar Afrilun 1997, wadda ta ci rayuka sama da 300, hukumomin Saudiyya suka maye gurbin tantunan auduga da na zaren gilashi da aka shafe da Teflon, wanda wuta ba ta kamawa da sauƙi.

Tantin leda da na tamfol da muke saye a kasuwa ba su da wannan gata, kyandir ɗaya ya ishe su. Amma wanda ya fi harshen wuta kisa shi ne kaskon gawayi. Garwashi yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi, ko garwashin ya yi ja babu hayaƙi tana nan tana fita. Takan fara da ciwon kai da kasala, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Janareta a bakin ƙofar tanti ma haka ne. Malam, komai tsananin hunturun bana, ji ɗuminka a waje, ka bar kaskon a waje, ka shiga da safarka da bargonka.