Wa Ke Tsare Sirrin Katinki na Awo?

Uwargida, asibitoci da dama yanzu a kwamfuta suke adana bayanan awon ciki, kamar rukunin jini da sakamakon gwaji. Tsaronsu nauyi ne a wuyan hukumar gudanarwar asibiti: ita ke ware kuɗi, ta kuma binciki aikin ma'aikata. Sakaci yana da illa. A 2017, harin WannaCry ya kulle kwamfutocin asibitoci a Ingila, aka soke ganin likita kusan 19,000.

Yau 'yan damfara suna kwaikwayon muryar mutum da ƙirƙirarriyar basira. In aka kira ki ko maigida ana neman kuɗi da sunan asibiti, kada ku tura. Ku zo ku tabbatar. Ki riƙa zuwa da katinki na takarda, ko da kwamfuta ta tsaya.